Wane Wata Za Ka Tafi Sin? Jagora Ga Sabon Ɗan Kasuwa Daga Birnin Kudu Da Gwaram

Matasanmu na Birnin Kudu da Gwaram da Sara da Basirka, waɗanda suka yi yaron shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari ko kasuwar waya ta Farm Centre har Allah ya buɗa musu, yanzu sun fara haɗa jari suna son zuwa ƙasar Sin su saro kaya da hannunsu. Abin farin ciki ne. Abin da ke damuna shi ne tambayoyinsu ba sa wuce uku: nawa ne biza, nawa ne tikiti, wa zai canza musu dala. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Alhaji, wane wata ya kamata in tashi?" Alhali a nan riba take, a nan asara take. Wani zai sauka Guangzhou ya tarar da kasuwanni a garƙame, ya cinye guzurinsa a otal. Wani kayan Sallarsa sai an sauko daga idi suke isowa Kano. Wani kuma ya buɗe kwali ya ga takalma sun yi funfuna. Dukkansu suna da jari, kalanda da yanayi ne ba su duba ba.

Ƙa'idar da nake bi, wadda nake son ka bi, guda ce. Ranar tafiya daga shagonka ake lissafo ta. Ka sa yatsa a kan ranar da kake son kaya su zauna a kanta, ka riƙa komawa baya har ka iso ranar da ya kamata ka biya kafin alƙalami, sannan ka duba me sama da mutanen Sin suke ciki a wannan ranar.

Abubuwan da za ka tanada

Kalanda uku a gabanka: ta Musulunci, ta boko, da ta gargajiyar mutanen Sin wadda ke nuna sabuwar shekararsu. Fasfo mai sauran wa'adin aƙalla wata shida. Bizar kasuwanci, wadda ake nema ta cibiyoyin Abuja ko Legas da takardar gayyata daga kamfani ko daga masu baje koli. Katin rigakafin shawara. Waya mai WeChat da Alipay da manhajar hasashen yanayi, a saka su tun a gida, domin WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a kan layin can. Sai littafi da biro na lissafi. Maganar tufafi tana gaba, sai mun san wata da gari.

1. Fara da ranar kasuwarka ta gida

Kowace haja tana da lokacinta a wurinmu. Fanka mai caji da kayan sola kasuwarsu bazara ce, daga Maris zuwa Mayu. Injin feshi, lema, tamfol da takalmin roba ana neman su kafin ruwa ya zauna a Yuni. Injin ban ruwa na masu noman rani daga Nuwamba yake tashi. Bargo da rigunan sanyi Disamba ne. Yadi da leshi da takalma da kayan yara kuwa Sallah suke bi, kuma yadi dole ya riga azumi shiga kasuwa, saboda tela ma yana buƙatar nasa lokacin.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi. Idan oda ka bayar, masana'anta kan ci mako huɗu zuwa shida. Jirgin ruwa daga tashoshin kudancin Sin zuwa Legas kan ci mako biyar zuwa bakwai. Fito da kwantena daga hannun kwastam da hawo da ita Kano, ka ba shi mako uku, kada ka yarda da wanda ya ce maka kwana biyar ne. Idan ka haɗa, wata uku zuwa huɗu ke nan.

Mu gwada da ƙaramar Sallar 2027, wadda ake sa ran za ta faɗo wajen 9 ko 10 ga Maris gwargwadon ganin wata, azumi kuma wajen 8 ga Fabrairu. Mai yadi yana son kayansa a shago wajen 20 ga Janairu. To kwantena ta iso Legas a ƙarshen Disamba, ta bar Sin a tsakiyar Nuwamba, kafin alƙalami kuma ya shiga hannun masana'anta a tsakiyar Oktoban 2026. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ga Sallah saura wata biyu su ce da sauran lokaci. A wannan gaɓar ba abin da ya rage sai lodin jirgin sama, wanda kuɗinsa ke cinye ribar kaya masu nauyi. Ka kuma tuna Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, saboda haka ranar da ta yi wa maigidanka daidai shekara uku da suka wuce, kai ta makara maka da wata guda.

2. Ka san garin da za ka, domin Sin ba yanayi ɗaya ba ce

Yawancinmu wuri biyu muke zuwa. Na farko kudu, lardin Guangdong: Guangzhou mai unguwannin Xiaobei da Sanyuanli inda 'yan Afirka ke taruwa, Shenzhen mai kasuwar waya da kayan lantarki ta Huaqiangbei, Foshan ta tayil da kujeru, Guzhen ta fitilu. Na biyu gabas, lardin Zhejiang: Yiwu mai babbar kasuwar ƙananan kaya, da Keqiao cibiyar yadi. Tsakanin Guangzhou da Yiwu tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin sama, amma a Janairu kamar ƙasa biyu ne. Matsakaicin zafin Guangzhou a watan kusan digiri 14 ne, na Yiwu kusan 5, har dusar ƙanƙara kan sauka wani lokaci. Beijin kuma ƙasa da sifili take kwana. Wanda ya tambayi abokinsa na Guangzhou ko akwai sanyi, ya ji an ce babu sosai, ya wuce Yiwu da shadda ɗaya, zai sha wuya.

3. Soke ranakun da ƙasar ke rufewa

Babbar rufewa ita ce sabuwar shekararsu. Kullum tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu: a 2026 ranar 17 ga Fabrairu, a 2027 ranar 6 ga Fabrairu, a 2028 ranar 26 ga Janairu. Hutun gwamnati kamar mako guda ne, kuma shi ke yaudarar baƙo. Ma'aikatan masana'antun Guangdong da Zhejiang yawancinsu 'yan ci-rani ne daga larduna masu nisa, suna fara tafiya gida mako biyu kafin ranar, ba sa gama dawowa sai an yi mako biyu ko fiye bayanta. Kasuwar Yiwu kanta sai kusan mako biyu bayan sabuwar shekarar take buɗewa. Jiragen ƙasa da na sama kan cika maƙil na tsawon kwana 40. Kafin hutun kowa yana rububin fitar da kaya, kuɗin kwantena ya tashi, gurbi a jirgi ya yi wuya. Bayan hutun kuma sababbin hannu ne a kan injuna, don haka aikin farko-farko yana son dubawa da idon basira. Ni dai daga mako uku kafin ranar zuwa mako uku bayanta, ba na ba kowa shawarar tafiya.

Akwai abin da ya shafe mu mu Musulmi musamman a waɗannan shekaru. Kalandarsu ma da wata take tafiya, sai dai su suna ƙara wata guda duk bayan shekara biyu ko uku don kada ta bar lokacin sanyi, tamu kuwa tana zagayawa. A 2026 da 2027 da 2028 sabuwar shekararsu da farkon azuminmu kusan tare suke zuwa, tsiransu kwana ɗaya ko biyu. Ma'ana, daidai lokacin da kasuwar Sallah ke ɗaukar wuta a Kwari, lokacin ne babu mai ɗaga maka waya a masana'anta. Idan kaya sun yanke maka a farkon azumi, babu cikon da zai zo. Ka yi odar da za ta kai ka har daren Sallah tun a tashin farko.

Sauran hutu biyu ƙanana ne amma suna ɓata shiri: 1 zuwa 7 ga Oktoba na ranar ƙasa, da kwanakin farko na Mayu na ranar ma'aikata. Banki da ofis da masana'antu da yawa a rufe, tikitin jirgin ƙasa sai wanda ya riga. Mai lissafin Sallar 2028, wadda za ta zo a ƙarshen Fabrairu, zai ga ranar kafin alƙalaminsa ta faɗa cikin hutun Oktoba, sai ya ja ta zuwa Satumba.

4. Bi shekarar kudu wata-wata

Maris da Afrilu. Zafi bai yi yawa ba, amma lokacin laima ne. Idan iska mai ɗumi ta taso daga teku ta tarar da gine-gine sun yi sanyi, sai ka ga bango da tayil da madubi suna tsattsafo da ruwa kamar jikin sabuwar randa. Wanki ba ya bushewa, bene yana santsi, kwali yana laushi. Mu da muka saba buɗe taga don ɗaki ya sha iska, a nan rufewa ake yi a kunna iyakwandishan.

Mayu da Yuni. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Guangzhou na samun kusan milimita 1,800 a shekara, wajen ninki biyu na abin da muke samu a kudancin Jigawa, kuma mafi yawansa daga Afrilu zuwa Satumba yake sauka. Ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni shi ne ganiyarsa: tituna su cika, jirage su yi ta jinkiri. Yiwu da Keqiao nasu ruwan daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli yake, yayyafi da lumshi ba ƙaƙƙautawa, lokacin da fata da yadi suka fi kama funfuna.

Yuli da Agusta. A nan nake son ɗan Jigawa ya saurare ni da kyau, domin mun cika cewa mu da muka sha digiri 40 a Afrilu me 34 za ta yi mana. Zafinmu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa, jiki na hucewa, inuwar darbejiya ma tana taimako. A can iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumi ba shi da inda za shi, sai ya zauna a jiki, dare ma ba sauƙi. Mutum ya wuni yana zagayen kasuwa, yana fita daga sanyin iyakwandishan zuwa turirin titi yana komawa, kwana uku sai mura da kasala su kwantar da shi. Yiwu a waɗannan watanni takan haura 35. Mai hawan jini ko ciwon suga ya guji wannan lokacin in da hali. Wanda dole ta sa, kamar mai neman injin ban ruwa ko bargon hunturu, ya yi zagayensa da safe, ya sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Yuli zuwa farkon Oktoba kuma lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne. Ba irin hadarinmu mai tasowa daga gabas ya wuce cikin awa guda ba ce. Ranar 16 ga Satumban 2018 guguwar Mangkhut ta faɗa wa Guangdong, aka tsayar da jirage da tashoshin ruwa. A Satumban 2025 guguwar Ragasa ta sa an rufe makarantu da wuraren aiki da sufuri a biranen lardin. Guguwa ɗaya kan rufe tasha kwana biyu ko uku, amma cunkoson da take bari yana iya tura kwantenarka zuwa jirgin mako mai zuwa. Alherin da ke ciki shi ne ana ganin zuwanta tun da sauran kwanaki. Gargaɗinsu launi-launi ne, daga shuɗi zuwa rawaya zuwa ruwan goro zuwa ja. Da ka ga ruwan goro, sayi abinci da ruwa, caja waya, zauna a masauki nesa da taga. Idan tafiyarka ta faɗo Agusta ko Satumba, ƙara mako guda a lissafin kaya, kuma ka sayi tikitin da ake iya canza masa rana.

Tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Disamba. Wannan shi ne lokacin da na fi so, kuma shi nake zaɓa wa duk mai zuwan fari. Ruwa ya ɗauke, laima ta ragu, rana tana tsakanin digiri 20 da 28 a Guangzhou, masana'antu suna aiki gadan-gadan, kayan da aka loda a bushe suke shiga kwantena. Yiwu ma lafiya lau take har wajen tsakiyar Nuwamba, daga nan sanyi ya fara cizo.

Ƙarshen Disamba da Janairu. Guangzhou da sauƙi, sai dai iskar arewa kan sauko ta kai ta wajen digiri 5 na 'yan kwanaki. Sanyin Zhejiang jiƙaƙƙe ne, yana ratsa ƙashi fiye da jaurar hunturunmu, kuma gidajen kudancin Sin ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na Beijin da sauran biranen arewa. Kafin ka biya kuɗin masauki, tabbatar na'urar ɗakin tana hura zafi.

5. Idan baje kolin Canton za ka, zaɓi zangonka

Tun 1957 ake yin sa a Guangzhou, sau biyu a shekara, yanzu a zauren Pazhou. Na farko daga 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, na biyu daga 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Kowanne zango uku ne na kwana biyar-biyar, kuma tsakanin zango da zango ana kwashe kaya a kawo wasu. Zangon farko, 15 zuwa 19, na lantarki ne da injuna da fitilu da kayan aiki. Na biyu, 23 zuwa 27, na kayan gida da na gini da kujeru. Na uku, 1 zuwa 5 ga Mayu ko 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, na tufafi da yadi da takalma da kayan yara da na asibiti. Mai neman sola da ya sauka ranar 22 ga wata ya riga ya rasa abin da ya zo nema.

Tsakanin biyun na fi son na Oktoba saboda yanayi. Sai dai mai kayan Sallah ya koma ya dubi lissafinmu na matakin farko: zangon yadi na ƙarshen Oktoba ya makara da mako biyu ga mai ba da oda. Gara ya wuce Keqiao kai tsaye da zarar hutun Oktoba ya ƙare, ko ya sayi abin da ke ƙasa a sito. Kuma ga mai ƙaramin jari, baje kolin wurin buɗe ido ne da karɓar samfur da lambobi, domin masu rumfa oda mai yawa suke nema. Otal kuma kan yi tsada sosai a makonnin, a kama shi tun da wuri.

6. Daidaita da kalandar gida

Oktoba a wurinmu kaka ce. Da yawa cikin 'yan kasuwarmu manoma ne, jarin ma daga riɗi da shinkafa da gyaɗa yake fitowa, riɗin da wani sashensa Sin da Japan da Turkiyya yake tafiya. Matsalar ita ce kuɗin amfanin gona yakan shigo ne bayan ranar kafin alƙalami ta wuce. Tun ran gini ake zane: ko dai ka ware kuɗin tafiya daga cinikin baya, ko ka bar Sallar ta wuce ka nufi kayan bazara, waɗanda tafiyar Nuwamba ta yi musu daidai. Kada ka karya farashin riɗinka don ka cim ma jirgi.

Sai lafiya. Agusta zuwa Oktoba ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kama mu. Sin kuwa tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da shi, kuma ana auna zafin jikin masu sauka a filin jirgi. Je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin da ya fi kusa da kai a yi maka gwaji mako guda kafin tashi. In zazzaɓi ya kama ka a can, abu na farko da za ka gaya wa likita shi ne daga Najeriya kake, a duba maleriya. Su ma suna da nasu sauron mai cizon rana, mai kawo zazzaɓin dengue a Guangdong daga ƙarshen damina zuwa Oktoba, don haka man sauro ya shiga jaka.

Hanya ma lissafi ce. A marka ruwa kan yanke hanyoyinmu. A Agustan 2021 gada ta karye a hanyar Gwaram zuwa Basirka har aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Kada ka bi dare, kuma ka kwana a Kano kafin ranar tashi. A Disamba da Janairu hazo kan hana jirage sauka da tashi a filin Malam Aminu Kano, kai kuwa akwai wani jirgin da za ka hau a Addis Ababa ko Alkahira ko Doha. Zaɓi tikitin da ke da tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu, kuma kada ka sa alƙawarin ganin mai masana'anta washegarin saukarka. Agogon Sin yana gaban namu da awa bakwai, jiki sai ya kwana biyu yake daidaita.

7. Haɗa jaka gwargwadon wata

Daga Afrilu zuwa Satumba: riguna marasa nauyi masu saurin bushewa, lema, takalmi mai riƙe ƙasa. Shadda mai sitaci a ajiye ta don Juma'a, a masallacin Guangzhou na kusa da hubbaren da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, inda za ka haɗu da 'yan gida. Alƙibla a can yamma ake fuskanta, a kiyaye. Oktoba da Nuwamba: kayanka na gida sun isa, da suwaita ɗaya. Disamba zuwa Fabrairu, musamman mai zuwa Yiwu ko arewa: dogon wando na ciki, safa mai kauri, hular sanyi, rufaffen takalmi. Babbar rigar sanyi a can za ka saya, ta fi wadda za ka samu a Kano kauri da araha, amma ka sauka da abin da zai kai ka kasuwa. Hajiyoyinmu masu zuwa saro su sa kayan ɗumi a ƙarƙashin abaya, mayafi kaɗai ba ya tare wannan sanyin.

8. Tsaya a kan lodi, musamman a watannin laima

Kwantena akwatin ƙarfe ne da zai yi mako shida a kan teku, rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi. Duk laimar da ta shiga tare da kwali da katako za ta tashi ta taru a rufi, ta riƙa ɗigowa a kan kaya. Takalmin fata da jaka su yi funfuna, yadi ya yi wari da tabo, ƙarfe ya yi tsatsa, kwalin ƙasa ya rushe na sama ya danne shi. Idan lodinka ya faɗo tsakanin Maris da Satumba, je sito da kanka ko ka tura wanda ka amince da shi. Shiga cikin kwantenar a rufe ƙofa, in ka ga haske ta wani wuri to akwai huji, a canza ta. Taɓa daɓen ka ji ko a bushe yake. Kada a yi lodi a fili ana ruwa. Buɗe kwalaye daga tsakiyar tari, ba na bakin ƙofa kaɗai ba, ka shinshina. Ka sa a zuba ƙunshin maganin laima a cikin kowane kwali, a rataya manyan a jikin bangon kwantena, a naɗe dilolin yadi da leda. Wannan sharaɗin a rubuta shi a takardar oda tun ranar kafin alƙalami, kuma kada ka cika ragowar kuɗi sai ka ga hoton lodin da lambar hatimin da aka rufe ƙofar da shi.